Tarihin Kalmar 'Stage': Bene, Dandamali, Zango da Mataki

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata kalma ce ta Turanci mai haruffa biyar, wadda na yi shekara da shekaru ina ɗauka na san ta ciki da bai, sai ranar da ta tsare ni a gaban likita sannan na gane ashe gefe guda kawai na riƙe.

Shekarun baya na raka gwaggona, ƙanwar mahaifina, wani asibitin koyarwa domin mu karɓi sakamakon gwajin wani ƙari da ya fito mata a mama. Likitan ba Bahaushe ba ne, saboda haka ni ne tafinta. Ya duba takardun da ke gabansa, ya ɗago kai ya ce da ni ciwon daji ne, kuma ya kai stage four. Gwaggo ba ta jin ko zo-in-kashe-ka da Turanci, amma fa tana karanta fuska. Ta dafa hannuna ta ce, "Babana, me ya ce? Kada ka ɓoye mini." Sunan mahaifinta aka sa mini, shi ya sa ba ta kama sunana.

Wallahi abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne dandamalin ɗakin taro na makarantarmu ta sakandare, inda muka riƙa yin wasan kwaikwayo, domin a can na fara sanin wannan kalma. Na san dai ana fassara ta da mataki, to amma mataki na huɗu cikin nawa? Hawa ake yi ko sauka? Kuma me ya haɗa wurin da 'yan wasa ke tsayawa su ba mutane dariya da wannan labari mai nauyi? Tun daga ranar na ƙudiri aniyar bin sawun kalmar har inda ta fito. Ga abin da na samo.

Asalinta tsayuwa ce

Kalmar ba haifaffiyar Ingila ba ce, bayan yaƙi ta shigo. A shekarar 1066 William, mai mulkin yankin Normandi da ke arewacin Faransa, ya tsallaka teku ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Daga nan har kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu da masu hannu da shuni, Ingilishi kuwa aka bar wa manoma da barori. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi. A wannan tsakani dubban kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Ingilishi, kamar dai yadda na Larabci suka shigo Hausa ta hannun malamai da alƙalai. Cikinsu akwai estage, wadda ta fara bayyana a rubutun Ingilishi cikin ƙarni na 13, harafin farko ya faɗi, ta koma stage.

A tsohon Faransanci estage na nufin mazauni, ko zaman da mutum ya yi a wani wuri, ko hawa na gini. Ita ma tushenta aikatau ne na harshen Latin, stare, wato tsayawa. Ke nan ainihin ma'anarta ita ce matsaya. Har gobe Bafaranshe na cewa étage idan yana nufin hawan bene, na ɗaya ko na biyu, alhali su Turawan Ingila sun daɗe da yar da wannan ma'ana.

Wannan tushe na Latin ya haifi 'ya'ya da yawa. Daga gare shi aka samu state, wato ƙasa ko jiha, da statue, mutum-mutumin da ke tsaye ba ya motsi, da kuma station. Ita wannan ta ƙarshe tana bakinmu kullum, domin kuwa ita ce Bahaushe ya lanƙwasa ya ce tasha. Ashe duk ranar da ka ce za ka tashar mota, 'yar'uwar stage ka ambata. Masana tarihin harsuna sun ce hatta ɗafin nan na -stan da ke ƙarshen Pakistan da Afganistan, mai nufin wuri ko ƙasa a Farisanci, kaka ɗaya suka haɗa da kalmar Latin ɗin.

Yadda ta zama dandamali

Hawan bene daɓe ne da ke sama da ƙasa. Saboda haka ba a daɗe ba aka fara kiran duk wani wuri da aka ɗaga da katako domin jama'a su hangi abin da ke kansa da wannan suna, ko na mai shela ne, ko na 'yan wasa.

A wancan zamani Ingila ba ta da gidan da aka gina musamman domin wasan kwaikwayo, a kan titi ake yi. Misalin da ya fi shahara shi ne na birnin York, wanda aka fara samun ambatonsa a rubuce a 1376. Sau ɗaya a shekara, ranar wani bikin coci mai suna Corpus Christi, ƙungiyoyin masu sana'a kan raba ƙissoshin Baibul guda 48 a tsakaninsu, tun daga halittar duniya har zuwa ranar hisabi. Rabon kuwa da hikima aka yi shi: masu sassaƙa jiragen ruwa su ke da ginin jirgin Annabi Nuhu (AS), masunta da matuƙa jirgi su ke da ruwan Ɗufana, masu gasa burodi su ke da liyafar ƙarshe da Kiristoci ke ba da labarin Annabi Isa (AS) ya yi da almajiransa. Kowace ƙungiya tana da babbar amalanke da aka shimfiɗa wa katako. Tun da asuba ake fara jan su, a tsaya a wurare goma sha wani abu cikin gari, a maimaita wasan a kowace tsayawa. An yi na ƙarshe na wancan zamani a 1569, bayan da Ingila ta raba gari da cocin Roma, sababbin shugabannin addini suka ƙi jinin al'adar.

A lokacin stage tana da kishiya, wato scaffold, kuma da kowacce a cikinsu ana iya kiran dandamalin wasa. Sannu a hankali suka raba gado: stage ta ɗauki wasa, scaffold ta ɗauki katakon da magina ke takawa da kuma dandamalin da ake kashe masu laifi a kai. Ka riƙe wannan, mai karatu, za mu dawo kansa.

Dandamali ya samu gida

Ɗan wasa a Ingila ta ƙarni na 16 ba shi da wata daraja. Dokar 1572 ta sa duk ɗan wasan da ke yawo gari-gari ba tare da ubangida cikin manyan ƙasa ba a sahun 'yan gararamba, hukuncinsa bulala da huda kunnen dama da ƙarfe mai zafi. Wannan ya sa kowace ƙungiya ta nemi inuwar wani babba ta raɓa, tana amsa sunan barorinsa. Su ma mahukuntan birnin Landan ba sa son wasan, suna cewa yana tara ɓarayi, yana yaɗa annoba, yana hana yaran masu sana'a aiki. Don haka da wani kafinta da ya koma ɗan wasa, James Burbage, ya tashi gina gidan wasa a 1576, sai ya fita bayan ganuwa zuwa unguwar Shoreditch inda ikonsu bai kai ba. Ya sa wa gidan suna The Theatre, daga kalmar Girkanci mai nufin wurin kallo.

Ƙarshen wannan gida abin dariya ne. Hayar filin ta shekara 21 ce, da ta ƙare sai mai fili ya ƙi sabuntawa, yana ganin ginin ya zama nasa. A ƙarshen Disamba 1598, lokacin hutun Kirsimeti, mai filin ba ya gari, 'ya'yan Burbage biyu suka zo da wani kafinta mai suna Peter Street da ma'aikatansa, suka kwance ginin katako bayan katako suka kwashe abinsu. Daga baya aka tsallaka da katakon zuwa kudancin kogin Tems, aka tayar da gidan Globe a 1599. Cikin masu hannun jari a sabon gidan akwai William Shakespeare.

Mun san girman irin wannan dandamali domin takardar kwangilar wani gida mai suna Fortune, wanda shi Street ɗin ya gina a 1600 bisa tsarin Globe, tana nan har yau. Faɗinsa ƙafa 43, ya kutso har tsakiyar fili, 'yan kallo sun kewaye shi ta gefe uku. Babu labule a gaba, kuma da rana ake wasa. Mai kwabo ɗaya ya tsaya a ƙasa, ko ana ruwa ko ana rana, mai kwabo biyu ko uku ya shiga rumfa ya zauna. An ƙiyasta cewa Globe na iya ɗaukar mutum har 3,000.

A wannan zamani ne kalmar ta ƙara faɗi, ta tashi daga katakon da ake takawa ta zama sunan sana'ar baki ɗaya, kamar yadda mu ma muke cewa wane ɗan dandamali ne, ko wane daga wasan daɓe ya faro. Shi kuma Shakespeare, a wasansa As You Like It na wajejen 1599, ya sa wani ɗan wasa ya kwatanta duniya da dandamali. Kwatancen ya girme shi, amma shi ya sa ya zauna a bakin jama'a, har ga shi 'yan jarida na kiran fagen siyasar duniya da wannan kalma. Globe ɗin ya ƙone ƙurmus ran 29 ga Yuni 1613, lokacin da aka harba igwa ana tsakiyar wasan Henry VIII, tartsatsi ya kama jinkar ciyawa. A 1614 aka sake gina shi.

Abokan gabar dandamali

Tun farko akwai wasu Kiristoci masu tsananin ra'ayi, waɗanda ake kira Furitan, da suke ganin wasan kwaikwayo ƙarya ce aka mayar sana'a: talaka ya sa rigar sarki, yaro ya sa kayan mata, domin a lokacin mace ba ta hawa dandamalin jama'a. Daga kan mumbari malamansu ke sukar wasan. Abin mamaki, kalmar da Turawa ke kiran mumbarin coci da ita, pulpit, daga pulpitum ta fito, kuma da wannan sunan Rumawa ke kiran dandamalin gidan wasansu. Ashe mai wa'azi da ɗan wasa katako ɗaya suka gada.

Wani lauya daga cikinsu, William Prynne, ya wallafa littafi mai shafi fiye da 1,000 a wajejen 1633 yana la'antar wasan, har da duk macen da ta fito a cikinsa. Aka yi rashin sa'a, a daidai lokacin matar Sarki Charles na I tana fitowa a wani wasa na cikin fada. Aka ce ai da ita yake. A 1634 aka ci shi tara, aka tsayar da shi a bainar jama'a aka yanke masa kunnuwa. Dubi yadda zamani ke juyawa: shekara sittin kafin nan kunnen ɗan wasa ake ƙonawa, yanzu kuma na mai zagin ɗan wasa ake yankewa.

Amma ranar Furitan ta zo. Da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin sarki da majalisa, ran 2 ga Satumba 1642 majalisa ta rufe gidajen wasa. A 1648 ta ƙara tsanantawa: a rushe dandamali da wuraren zama, ɗan wasa ya sha bulala, ɗan kallo ya biya tarar sule biyar. Sannan ran 30 ga Janairu 1649 aka kafa wani dandamali na katako, aka lulluɓe shi da baƙin ƙyalle, a gaban zauren liyafa na fadar Whitehall, zauren da aka sha yin wasannin fada a cikinsa. Sarki Charles ya ratsa zauren ya fito ya hau, aka fille masa kai a gaban taron jama'a. Wannan shi ne scaffold ɗin da na ce ka riƙe.

Shekara 18 gidajen wasa suka yi a rufe. A 1660 ɗansa Charles na II ya dawo kan gado, ya ba Thomas Killigrew da William Davenant izinin kafa ƙungiyoyin wasa, kuma a Disambar shekarar aka ga mace ta fito a matsayin Desdemona cikin wasan Othello. Sababbin gidajen rufaffu ne, da kyandirori da zane-zane irin na Italiya, daɓensu kuma a karkace, baya ya fi gaba tudu. Daga nan aka samu upstage, wato can ƙuryar dandamali ta sama. Ɗan wasa mai son kai sai ya ja da baya ya hau tudun, dole abokin wasansa ya juya ya ba 'yan kallo ƙeya kafin ya yi masa magana. Shi ya sa har yau idan wani ya kwashe idon jama'a daga kan mai taro, da wannan kalma Turawa ke faɗa.

Hukuma dai ba ta saki ba. A 1737 Robert Walpole, wanda ke jagorantar gwamnati, ya gaji da ba'ar marubuta, ya sa aka yi doka cewa kowane sabon wasa sai wani babban jami'in fada, Lord Chamberlain, ya amince da shi. Wannan tacewa ta kai har 1968, shekara 231 ke nan. Zargin Furitan ma bai mutu ba, ya maƙale a jikin kalmar, domin yau idan aka ce wani hoto ko wata zanga-zanga staged ce, ana nufin shiri ne, haɗa baki aka yi.

Zango

To, ta ina maganar tafiya ta shigo? Ka tuna estage na nufin zama a wuri. Daga wurin da matafiyi ke sauka ya huta, sai kalmar ta koma nufin nisan da ke tsakanin wannan masauki da na gaba. A tsakiyar ƙarni na 17 aka fara kekunan dawaki na haya masu jigilar fasinja tsakanin garuruwa, aka kira su stagecoach domin zango-zango suke tafiya, kuma da harkar ta kankama duk bayan mil 10 zuwa 15 akan canza dawaki. Wata talla ta 1706 ta yi alkawarin kai mutum daga Landan zuwa York, kimanin mil 200, cikin kwana huɗu, masu tallar kuma suka haɗa da cewa in Allah Ya yarda. A 1784 keken wasiƙu na John Palmer ya taso daga Bristol ya iso Landan cikin awa 16. Jirgin ƙasa ne ya zo ya kashe kasuwar daga 1830. A Amurka kuwa, kamfanin Butterfield ya fara ratsa mil kusan 2,800 zuwa San Francisco a 1858 bisa sharaɗin kwana 25, kuma irin wannan keke ne aka sa wa fim ɗin kaboyi na 1939 sunansa, Stagecoach, wanda ya fito da John Wayne.

A nan Bahaushe ba baƙo ba ne. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro da zango suke auna hanya. Inda suka riƙa sauka ya zama unguwa, shi ya sa ake da Zango a Kumasi da Akara. Sannan muka mayar da kalmar ma'aunin lokaci, muna cewa zangon karatu na ɗaya da na biyu. Hanya guda stage da zango suka bi, ba tare da ɗaya ta ari ɗaya ba. A Kampala da Nairobi kuwa, wurin da 'yan acaɓa da ƙananan motocin haya ke jiran fasinja shi ake kira stage. Su ko 'yan'uwanmu na Nijar, idan suka ji kalmar da lafazin Faransanci, staj, horon sanin makamar aiki ke zuwa musu a rai. Ita ma daga estage take, asalinta zaman wajibi ne da sabon limamin coci kan yi kafin a fara ba shi haƙƙinsa.

Mataki na huɗu

Ma'anar mataki tsohuwa ce, tun ƙarni na 14 ake samun ta, kuma daga hawan bene ta gangaro, domin wanda ke hawa na biyu ya wuce na ɗaya bai kai na uku ba. Masana kimiyya suka karɓe ta hannu bibbiyu. Rokar Saturn V da ta ɗaga kumbo Apollo 11 zuwa wata a Yulin 1969 hawa uku gare ta, kowanne stage ake ce masa. Na farko ya ƙone mansa cikin kimanin minti biyu da rabi ya yanke ya faɗo, na biyu ya karɓa.

Na likitoci kuwa, wani likitan tiyata Bafaranshe, Pierre Denoix, shi ya tsara ma'aunin da ake kira TNM tsakanin 1943 da 1952. Abu uku ake dubawa: girman ƙarin, ko ya taɓa kaluluwar da ke kusa da shi, da kuma ko ya yi ƙaura zuwa sassan jiki masu nisa kamar hanta ko huhu ko ƙashi. Daga nan a sa ciwon a mataki na ɗaya zuwa na huɗu. Na huɗu shi ne wanda ya yi ƙaura. Ma'aunin nisan da ciwo ya ci ne, ba lissafin kwanakin da suka rage wa mutum ba. Kuma ciwon dajin mama da aka gano a mataki na ɗaya ko na biyu sau da yawa ana warkar da shi. Wannan ya sa nake roƙon iyayenmu mata da ƙannenmu, duk wadda ta ji wani ƙullutu kada kunya ta sa ta zauna da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk wannan bincike shi ne, Faransancin da ya ba da aron kalmar bai ɗora mata wannan kaya duka ba. Bafaranshe na da étage ta bene, scène ta dandamali, étape ta zango, stade ta matakin ciwo. Mu ma haka, muna da hawa da dandamali da fage da zango da mataki. Ingilishi ne ya tara mafi yawansu a tukunya guda. Saboda haka ina jan hankalin 'yan'uwana marubuta da masu fassara, kada mu buɗe ƙamus mu cafki ma'anar farko mu wuce. Mu tsaya mu tambayi kanmu, a wannan jimla tsayuwa ake yi, ko kallo, ko tafiya? Wata rana wanda ke jiran fassararmu ba ɗan kallo ba ne, mara lafiya ne.

A ranar dai, bayan na sake tambayar likitan ya yi mini bayani, na juya na ce, "Gwaggo, ya ce ciwon ya yi nisa, ya tashi daga inda ya fara ya taɓa wasu wurare. Akwai maganin da zai rage zafi ya ja lokaci, amma ba su yi alkawarin warkewa ba." Ta yi shiru, ta gyara mayafinta, ta ce, "Alhamdu lillahi. Babana, ai dama duniya zango ce." A lokacin ban san ta faɗi ɗaya daga cikin tsofaffin ma'anonin kalmar da likitan ya yi amfani da ita ba. Ta ƙara shekara guda da 'yan watanni, har ta ga auren autarta, sannan ta cika. Allah Ya jiƙan ta, Ya jiƙan namu da suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.